Wa'azin Gwajin Baba Direba

Monitan ajinmu yana tsakiyar batu na uku na wa'azinsa ke nan Baba Direba ya ɗaga hannu daga kan gado, alamar yana da magana. Monita ya ɗauka amin ce, sai ya kama hannun ya riƙe gam, ya ci gaba.

"Saboda haka, Baba, ciwo ba shi ne ƙarshen mai bi ba. Bari mu shiga batu na huɗu."

Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayin da matata ta aiko, har ya huce a hannuna. Ɗakin ya cika da 'yan ajinmu, wasu a kan benci, wasu sun jingina da bango, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata yana jiran nasa layin. Tun da Baba ya kwanta haka ake yi. An koya mana a aji cewa ba a zuwa wurin mara lafiya hannu wofi, sai da kalmar ƙarfafawa, to kowa sai ya zo da tasa, kuma a makarantar tauhidi kalmar ƙarfafawa ba ta da gajarta. Mama, matar Baba, tana zaune a ƙarshen gado tana yi masa fifita da murfin kwali.

Da aka gama, aka yi addu'a, aka watse, sai na miƙa shayin. Baba ya kau da kai.

"Kafinta, rufe ƙofar nan kafin wani ya tuna bai yi nasa ba."

Na rufe.

"Ka ji abin da suka yi mini? An mayar da ranar wa'azina ƙarshen zango. Wai sai na warke."

"Tausayinka suka ji, Baba."

"Tausayi." Ya yi ɗan tari, ya jira numfashi ya dawo. "Na san injin da ake gyarawa, na san wanda ake turawa gefen hanya. Ka je ka ce su matso da ita. Ba ɗagawa nake so ba."

Ni da Baba Direba bango ɗaya ya raba mu a layin masu iyali, doguwar baranda ce mai ɗaki biyu-biyu da famfo ɗaya a ƙarshe. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, ikilisiyarmu ce ta turo ni da furfurata ta fara fitowa, na kwaso mata da 'ya'ya huɗu. Shi kuwa Baba ya girme mu duka, har da yawancin malamai. Ya tuƙa babbar mota har idonsa ya fara gajiya, 'ya'yansa suka yi aure suka watse, sannan ya ce zai zo ya koyi wa'azi. A aji shi ke zama gaba saboda kunne. Da muka fara Girkanci ya dubi allo ya ce, "Malam, waɗannan ai alamomin hanya ne." Bai taɓa cin jarrabawa da kyau ba, bai kuma taɓa faɗuwa warwas ba, haka ya lallaɓo har shekarar ƙarshe.

A shekarar ƙarshe akwai abin da ake kira wa'azin gwaji. Kowane ɗalibi yana da ranarsa. Zai sa kwat, ya ɗaura laktaye a wuya, ya hau mumbari a sujadar safe, ya yi wa'azi a gaban malamai da ɗalibai duka, da rana kuma Malamin Wa'azi ya feɗe shi a aji. Wanda ya faɗi ana ba shi dama ta biyu kafin zango ya ƙare. Wanda ya rasa ta biyun, sai ya maimaita shekara. Baba bai taɓa hawa mumbari ba a rayuwarsa. Wannan ranar yake jira tun da ya ajiye makullin mota.

Tun farkon zango yake gwada wa'azinsa kowace safiya, mu kuma muna ji ta bango. Haka yake farawa:

"'Yan'uwa, ni direba ne. Wata rana ina gangarowa daga kan dutse, mota cike da kaya, na taka birki, birki ya ce bai san ni ba. A gabana ga kasuwa tana ci. Na duba dama, rami. Na duba hagu..."

A nan tari yake kama shi. Malamin Wa'azi kuwa ya ce mana duk wanda ya yi tuntuɓe wajen gwaji ya koma farko, kada ya yi faci. Baba mai bin doka ne. Sai ya sha ruwa, ya gyara murya, ya koma: "'Yan'uwa, ni direba ne." Yarana sun haddace shi sarai. Wata rana a bakin famfo na tambaye shi, "Baba, wai me ke hagun nan?"

Ya ce, "Ka bari sai ranar. In na gaya maka a nan ai ya zama hira."

Laktayensa yana rataye a ƙusa kusa da taga. Bai iya ɗaurawa ba, ni ma ban iya ba. Wani ɗalibi da ya gama bara ne ya ɗaura masa kafin ya tafi, shi ya sa ba a kwancewa, sai dai a sassauta a zura kai. Mama ba ta barin kowa ya taɓa shi.

Washegarin ranar da Baba ya aike ni, na sami Malamin Wa'azi a ofishinsa. Mutum ne mai kirki, mai magana a hankali, wannan ma shi ya fi ba ni haushi, don ba a iya yi wa mai kirki faɗa.

"Ɗan'uwa, mun yi haka ne domin ya huta. In ya sami ƙarfi sai ya yi a natse."

"Malam, likita ya ce zuciya ce. Ya ce a kai shi gida a kula da shi kawai."

"Likita ya faɗi nasa. Mu kuma muna da bangaskiya."

"Muna da ita, Malam. Amma shi mai jikin ya ce a matso da ranar."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce duk ranakun sun cika, ba a raba sujadar safe biyu. Hanya ɗaya ce, wani wanda ranarsa ta kusa ya yarda su yi musaya, kwamiti kuma ya amince.

"Taka ce ta fi kusa, ko ba Alhamis ta sama ba?" Ya dube ni. "Amma ka sani, in ka koma ranar ƙarshe ta zango, babu dama ta biyu a bayanta."

Na san haka. Na fito na nufi gida.

Matata tana tsinke wanki daga igiya na gaya mata. Ba ta juyo ba.

"Baban yara, kai da harshenka ke sarƙewa ko addu'ar abinci aka ba ka? Kai ne za ka zubar da dama ta biyu?"

"Ban ce na yarda ba."

"Ka yarda, fuskarka ta nuna. To ka duba. Babban ɗanka ya yi tsawon da ƙafarsa ke fita waje in ya kwanta. 'Yarka ta zama budurwa, tana canja kaya a bayan labule da ƙannenta a ɗaki. Ikilisiya ta ce shekara uku, ba ta ce huɗu ba. In ka maimaita, wa zai riƙe mu?"

"Na sani."

"Ajin nan mutum nawa ne? Duk masu zuwa su yi masa wa'azi har ya gaji, babu mai ba da ranarsa sai kai?"

Gaskiya ta faɗa. Na tambayi biyu daga cikinsu, ɗaya ya ce ya riga ya gayyato iyayensa, ɗaya ya ce zai yi addu'a a kai. Har yau yana yi.

Na kwana biyu ina juya abin. In na dubi yarana suna cin abinci a tabarma sai in ce a'a, ba zan yi ba. Da safe kuma sai in ji ta bango, murya ta ragu, "'Yan'uwa, ni direba ne," sai tari tun kafin ya kai gangaren. Ranar da na dawo daga aji na tarar da kwat ɗin Baba a ɗakinmu, matata tana goge shi, ta ɗaure fuska.

"Kada ka ce mini komai," in ji ta. "Mama ce ba ta iya gugar kafaɗa ba."

Na koma wurin Malamin Wa'azi na ce na yarda.

Daga nan yawo ya fara. Kwamiti ba ya zama sai Shugaban makaranta yana nan, Shugaba kuma ya tafi taro. Mataimakinsa ya ce shi riƙo yake yi, ba zai taɓa ranakun sujada ba. Ya tura ni wurin Malamin Ɗalibai. Malamin Ɗalibai ya yaba mini ƙwarai, ya ce abin da na yi misali ne na ƙauna, har zai ambace shi a aji, amma sai Nas ɗin makaranta ta ce Baba zai iya. Nas ta ce ita ba za ta ce mutumin da ba ya kaiwa bakin famfo zai hau matakalar ɗakin sujada ba. Na ce za mu ɗauke shi a kujera. Ta ce wannan kuma maganar kwamiti ce.

Duk inda na shiga sai an yi addu'a kafin in fita. Ban ƙi addu'a ba, Allah ya sani. Amma na fita daga ofishi na huɗu ina jin in da guduma a hannuna da na sami abin bugawa.

Baba yana ganina ya gane.

"Sun tsayar da kai a shinge ko?"

"Shugaba ake jira."

"Haka ake yi. Mai kaya yana gaggawa, mai shinge yana shan inuwa." Ya dubi ƙusar da ke kusa da taga. "Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa yau."

Abin da ya sa na yi abin da na yi ke nan. A ajinmu akwai teburin wa'azi na katako da muke gwaji a kai, ni na gyara masa ƙafa a shekarar farko. Da aka tashi hutun safe na aro baro daga wurin mai lambu, na ɗora teburin, na turo shi ta gaban ɗakin karatu, ta bayan ɗakin cin abinci, har layinmu. Na ajiye shi a baranda daidai ƙofar Baba. Niyyata ƙarama ce: ni, da matata, da Mama, da matan da ke wanki a famfo. Mutum ya tsaya a bayan tebur, a saurare shi, shi ke nan.

Amma Monita ya gan ni da baro. Kafin mu gama sa wa Baba kwat, rabin ajin sun iso da bencuna. Har Malamin Wa'azi ya zo, da biro a aljihu, ya ce mini a hankali, "In ya yi shi har ƙarshe, zan ga abin da zan iya yi." Raina ya yi fari. Na ce ashe Allah ya buɗe hanya.

Mama ta sauko da laktayen, ta sassauta, ta zura masa, ta ja a hankali. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Muka tallafo shi ni da ɗana, muka zaunar da shi a kujera kusa da teburin, ya ce sai lokacin ya yi zai miƙe, kada ya ɓarnatar da mai.

Na ce wa Monita, "A bar shi ya fara yanzu. Ba shi da ƙarfi sosai."

"Haba Kafinta, ga Malam a zaune. Ba a wa'azi tsirara. Za mu gajarta."

Aka buɗe da addu'a. Wanda aka ba addu'ar ya faro daga halittar duniya. Aka yi waƙa, baiti duka, don wanda ya ɗaga ta bai san inda ake yankewa ba. Aka karanta nassi. Wani ya ce ba a yi wa baƙi maraba ba, aka yi wa matan famfo maraba, suna tsaye da kumfa a hannu. Monita ya ce zai gabatar da mai wa'azi a taƙaice, ya ba da tarihin Baba tun daga shigowarsa makaranta. Ina kallon Baba. Gumi yana tsattsafo masa a goshi, yana buɗe baki yana jan iska, hannunsa ɗaya a kan gwiwa yana matsawa kamar mai riƙe giyar mota. Na yi wa Monita alama da hannu. Ya gyaɗa mini kai, ya ci gaba.

Da aka ce mai wa'azi ya taso, sai da muka ɗaga shi. Ya dafa teburin da hannu biyu. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Baranda ta yi tsit, sai ɗigar famfo a bokiti.

"'Yan'uwa, ni direba ne."

Muryar ta fito fiye da yadda na zata. Ya gangaro daga dutsen, ya taka birki, birki ya ce bai san shi ba, matan famfo suka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ga kasuwa tana ci. Ya duba dama, rami.

"Na duba hagu..."

Ya tsaya. Ba tari ba ne wannan karon, numfashi yake tarawa, na gani da idona, kafaɗarsa tana hawa tana sauka, idonsa a buɗe yana kan maganarsa. Amma mu an koya mana cewa in mai wa'azi ya kakare, jama'a su ɗaga waƙa su rufa masa asiri har ya dawo hayyacinsa. Wani daga bencin baya ya ɗaga. Nan take kowa ya karɓa, da tafi, da zuciya ɗaya, don suna ƙaunarsa.

"Ku dakata," na ce. "Ku bar shi, bai gama ba."

Ba wanda ya ji ni. Baba ya ɗaga hannu, suka ɗauka yana yabo ne, suka ƙara murya. Ya buɗe baki, na ga leɓensa yana motsi, waƙar ta danne. Suna cikin maimaitawa ƙararrawar shiga aji ta kaɗa. Malamin da ke da darasin ba ya barin wanda ya makara ya shiga. Waƙar ta tsinke a tsakiya, aka fara kallon juna. Gwiwoyin Baba suka saki, muka tare shi muka mayar kan kujera.

Monita ya rufe da gajeriyar addu'a, ita ce kaɗai gajeriya a ranar. Aka kwashe bencuna. Malamin Wa'azi ya tsaya, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Buɗewa ta yi kyau ƙwarai, Baba. In ka huta sai mu ƙarasa."

Da suka tafi na tsuguna a gabansa.

"Baba, ga ni, ga Mama, ga matata. Ka ƙarasa mana. Daga hagun kawai."

Ya girgiza kai a hankali. "Sai an koma farko," in ji shi. "Ba ni da man komawa." Ya taɓa laktayen. "A cire, kada a kwance."

Bai ƙara tashi daga gado ba. Ranar Talata da hantsi, muna cikin darasin kula da ikilisiya, ɗana ya leƙo ta taga ya kira ni da hannu. Na tarar Mama ta riga ta rufe masa ido, ta zauna a ƙarshen gado da murfin kwalin a cinyarta. Matata ce ke kuka, ita Mama ba ta yi ba sai da 'ya'yansa suka iso.

An yi masa sujada a babban ɗakin, akwatinsa a gaban mumbarin da bai hau ba. Ni na haɗa akwatin, ban bar kowa ya sa hannu ba. Shugaba ya dawo a kan lokaci, ya yi wa'azi mai kyau. Mataimakinsa ya yi, wakilin ɗalibai ya yi, faston ikilisiyar Baba ya yi. Kowa ya ce Baba ya tsaya a bakin aikinsa har ƙarshe. Na zauna a baya ina kallon hannuwana.

Muna fitowa Malamin Ɗalibai ya tare ni a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna. Ya ce kwamiti ya zauna ranar Litinin da Shugaba ya dawo, sun amince da musayar, sai dai ba a samu an sanar da ni ba. Na ce to yanzu ai sai a mayar mini da ranata. Ya ce an riga an ba wani Alhamis ɗin, mayarwa kuma sai kwamiti ya sake zama. Na zare hannuna na wuce. Da na gaya wa matata, sai ta ce, "To sai ka fara gwadawa tun yanzu. Ni zan zauna in ji. Ba zan yi waƙa ba."

Ranar da Mama za ta tafi, muna ɗaure kaya, na tambaye ta abin da ke hagun.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Na dai tuna wata tafiya da ya dawo ba mota, da ɗauri a ƙafa, ya kwana uku ba ya magana. Ran Lahadi ya ce in jira shi, zai bi ni sujada. Da can sai dai ya sauke ni a ƙofa. Na tambaye shi, ya ce wata rana zan ji tare da kowa."

Ta sauko da laktayen daga ƙusa ta miƙa mini. "Wuyanka ya fi nasa kauri, ka sassauta a hankali."

Yana rataye yanzu a ɗakinmu, bayan ƙofa, da ɗaurinsa. Ranata tana nan tafe, ta ƙarshe a zango, kuma har yanzu harshena yana sarƙewa a batu na biyu. Ɗakin Baba a kulle yake, ba a kawo kowa ba tukuna.

Jiya da yamma na dawo daga ɗakin karatu na tarar da Autarmu a baranda, daidai inda teburin ya tsaya. Ta kifa bokiti ta dafa shi da hannu biyu, ta jera takalman gidan a gabanta.

"'Yan'uwa, ni direba ne," take cewa. Ta gangaro daga dutsen, ta taka birki, ta duba dama. "Na duba hagu..."

Sai ta yi tari sau biyu, ta ɗauki kofin da babu komai a ciki ta kai baki, ta ajiye. Takalman suna jere shiru. Ta gyara murya, ta koma farko.